Wasiƙa Bayan Aikin Auta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yaran? Ka yafe mini shirun da ka ji, wata biyun nan ban san inda kaina yake ba. An yi wa 'yata Auta tiyatar ƙashin bayan nan nata da ya lanƙwashe, yau kwana 19, kuma alhamdulillahi tana takawa da ƙafarta.

Ka tuna yadda kafaɗarta ta dama ta ɗara ta hagu, kana cewa nauyin jakar makaranta ne? Mu ma a haka muka bar shi. Sai ranar da likitan ƙashi ya ce ta sunkuya ta saki hannuwa, na ga haƙarƙarinta na dama ya taso kamar tudu. Ashe ƙashin bayan ba lanƙwasa kawai yake yi ba, murɗewa yake yana jan haƙarƙari. Da digiri suke auna shi a hoton ƙashi. Idan ya kai 45 zuwa 50 ake fara zancen tiyata, nata kuwa ya haura 70. Rigar roba mai tauri da ta sha fama da ita ba ta tsinana komai ba, ga numfashi ya fara gaza mata a matakala, don huhun ya rasa wurin buɗewa. Abin da ya sa na sa hannu ke nan, ba don ta miƙe ta yi kyau ba.

Aikin ya cinye yini. Sun ɗaura sukurori a gaɓoɓin ƙashin, suka zura sanduna biyu na ƙarfen titaniyom, suka jawo bayan a hankali, sannan suka jera ɓarɓashin ƙashi domin gaɓoɓin su haɗe su zama guda. Haɗewar kan ɗauki wata shida zuwa shekara. Abin da ya hana ni barci shi ne laka, amma akwai na'urar da ke bibiyar saƙon jijiyoyi har a gama. Da ta farfaɗo aka ce ta motsa yatsun ƙafa, ta motsa. Mahaifiyarta ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka. Bayan bai miƙe sarai ba, dama ba su yi mana wannan alkawari ba, amma ranar da ta fara tsayuwa sai da ta kere uwarta.

To, ga wadda ban faɗa maka a waya ba. Ciwon Marfan ne sanadi, sunan likitan Faransa da ya fara bayyana shi a 1896. Tangarɗa ce a ƙwayar halitta guda, wadda ke sa abin da ke ɗaure gaɓoɓi da jijiyoyi ya yi sako-sako, kuma mai shi na iya gadar da shi ga kowane ɗa, rabi da rabi. Likitan Auta yana cikin bayani sai ya tsaya yana kallon hannuna. Ya ce in zagaye wuyan hannuna da babban yatsa da ɗan ƙaramin. Suka haɗu, har suka hau juna, alamar ciwon ke nan. Tsawon nan da ka shekara talatin kana yi mini tsiya a kansa, ashe shi na ba yarinyar.

Ciwon yakan buɗa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, shi ya sa sai da aka duba tata kafin a taɓa bayan. Tawa ranar Talata za a duba, sannan ta yayyenta biyu. Ka sa mu a addu'a, kuma kar ka faɗa wa Hajiya tukuna, ni zan gaya mata da bakina.

Naka har kullum,
Dogon naka