Wasiƙa zuwa ga Abba: kafin ka ce an yanke magana

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Ƙaninka ya kawo mini labarin cewa manoman rani na yankinku a Kadawa sun zaɓe ka shugaban ƙungiyarsu, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka haife ka. Na yi farin ciki, na yi maka addu'a, amma ba zan ɓoye maka ba, na kwana ina juya nauyin abin a raina, domin daga yanzu kuɗin mutane da gumin 'ya'yansu za su riƙa bin abin da aka yanke a gabanka. Maganar waya takan bi iska, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Lokacin da nake malamin gona, kana ƙarami sosai, na riƙe ma'ajin wata ƙungiya irin taku. Wata rana bayan La'asar muka zauna a ƙarƙashin darbejiya domin mu yanke abin da za a yi da kuɗin da aka daɗe ana tarawa. Kafin kowa ya buɗe baki, wani dattijo mai daraja, wanda kowa yake jin nauyinsa, ya ce ya ga injin casar shinkafa na hannu da araha, kuma a ganinsa shi ya kamata a saya. Shugaba ya ce madalla, na kusa da shi ya ce madalla, haka kalmar ta zagaya tabarma har ta iso kaina, ni ma na faɗe ta. A can bakin tabarmar akwai wani saurayi bakanike wanda ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, bai ce uffan ba, kuma babu wanda ya tambaye shi. Injin bai kai ƙarshen kakar ba ya tsaya, aka nemi kayan gyaransa har cikin Kano aka rasa. Da na tare saurayin daga baya, sai ya ce mini tun ranar da ya ji sunan injin ya san an daina shigo da kayansa, amma ina shi ina magana bayan Alhaji ya yi? Dattijon nan ba mugu ba ne, kuma saurayin ba matsoraci ba ne, tarbiyyar da muka ba shi ce ya bi. Tsarin zaman ne ya kulle bakin wanda ya fi kowa sanin lamarin, kuma har yau idan na tuna ƙurar da yake zanawa da tsinken nan sai zuciyata ta sosu.

Saboda haka abu na farko da nake roƙon ka, wanda kuma na fi ba muhimmanci, shi ne ka zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi a kowane zama. Ka gabatar da maganar ba tare da an gane inda zuciyarka ta karkata ba, sannan ka fara da ƙanana da waɗanda suke taɓa aikin da hannunsu, kana kiran kowa da sunansa, kafin a zo kan dattawa. Wannan ba raini ba ne ga manya, kuma ya kamata ka je ka same su ɗaya bayan ɗaya a gidajensu ka bayyana musu dalili, ka ce so kake su ji komai tukuna domin maganarsu ta zama ita ce murfi. Babba mai hankali zai ji daɗin haka. Idan lamarin na kuɗi ne, ko ya shafi wani da yake zaune a wurin, ka raba 'yan takardu kowa ya rubuta zaɓinsa ba tare da suna ba, wanda bai iya rubutu ba a ba shi tsakuwa ko ƙwayar masara ya jefa a ƙwaryar da ya zaɓa a bayan labule.

Kada ka ɗauka mu kaɗai kunya take kamawa. A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Solomon Asch ya tara ɗalibai yana nuna musu layuka a kan kati, yana tambayar wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wani, abin da ko yaro zai gane. Ya riga ya shirya da duk waɗanda suke ɗakin, ban da mutum ɗaya, cewa su ba da amsar da ba daidai ba da baki ɗaya. Kusan uku cikin kowane mutum huɗu da aka gwada sun bi jama'a sun ƙaryata idonsu aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin a zo kansu, bin jama'ar ya ragu ƙwarai da gaske. Wannan ya nuna maka cewa mai gaskiya abokin tafiya ɗaya kawai yake nema. A duk babbar magana ka ɗora wa mutum ɗaya aikin kawo aibin shawarar, ka sanar da jama'a cewa kai ka sa shi, domin kada a ɗauke shi ɗan hamayya, kuma ka riƙa sauya mai wannan aikin daga zama zuwa zama.

Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan girma da daɗewa. Malaman Sira sun ruwaito cewa a Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a wani wuri, Hubabu ɗan Munziru ya tambaye shi ko wahayi ne ya zaɓi wurin ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, kuma aka karɓa. A shekara ta 5 Salmanul Farisi ne ya kawo dabarar haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba. A Hudaibiyya kuma, lokacin da sahabbai suka cika da baƙin ciki har suka yi nauyin jiki, Ummu Salama ce ta ba Manzon Allah shawarar ya fita ya yanka hadayarsa ya yi aski ba tare da ya yi wa kowa magana ba, suna ganinsa kuwa suka tashi suka bi. Idan mafificin halitta ya saurari waɗannan, babu shugaban ƙungiyar da ya fi ƙarfin sauraro. Ka tuna da Ummu Salama idan aka zo maganar irin da za a shuka, domin matan da suke turara shinkafa su shanya ta sun fi ku sanin irin da yake karyewa a inji da wanda masu saye suke nema, ko da ba sa zama a taronku. Ka nemi hanyar da maganarsu za ta iso gare ku kafin a yanke.

Akwai wata dabara mai sauƙi da nake so ka gwada. Idan kun kusa amincewa da wani shiri, ka ce wa jama'a su ɗauka yau shekara guda ke nan da yin abin, kuma ya lalace ƙurmus, to kowa ya faɗi abin da yake ganin ya lalata shi. Mutumin da ba zai iya cewa shirin Alhaji yana da matsala ba, zai iya cewa wataƙila ruwan kanal ne bai zo a kan lokaci ba daga madatsar ruwan Tiga, ko dillalin da ya yi alkawari ne ya janye, ko tsutsa ce ta faɗo. Ba ku manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da ake kira Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, waɗanda suka zuba dukkan jarinsu a tumatir suka tashi hannu rabbana. Tambaya irin wannan ita ce take tono irin wannan haɗari tun kuɗi yana aljihu.

Game da abin da za ka yanke kai kaɗai, ba zan tsawaita ba. Ka fara tambayar kanka ko abin yana gyaruwa idan an yi kuskure. Ranar taro, ko wanda za a aika kasuwa, ka yanke nan take, domin jan ƙafa a ƙaramin abu yana kashe gwiwar mutane. Amma bashin banki, da sayar da fili, da korar mutum daga ƙungiya, waɗannan ka kwana da su, ka rubuta su a takarda, kuma kada ka yarda a takura ka tsakanin i da a'a kawai, sau da yawa akwai hanya ta uku, kamar haya maimakon saye, ko gwaji a gona ɗaya kafin a game duka. Duk wanda ya ce maka sai yau ko a rasa, ka tambayi kanka wa zai ci ribar saurinka. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa alƙali ba ya hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kai ma ka riƙe wannan, ka haɗa da yunwa da gajiya. Idan ka gama bincike da tambayar masana, ka yi raka'a biyu na istihara, kada ka mai da ita madadin binciken.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda na san halinka na tausayi zai iya ba ka wahala a kansa. Shawara tana da ƙarshe. A Uhudu, shekara ta 3, Manzon Allah ya fi son a tsaya a cikin Madina, matasa suka nace a fita, ya karɓi ra'ayinsu ya sa sulkensa. Da suka yi nadama suka nemi a koma ra'ayinsa, bai warware ba. An sha wuya a wannan yaƙi, amma duk da haka ayar da ta sauka a kansa, aya ta 159 a Suratu Ali Imrana, ta umarce shi da ya ci gaba da shawartar su, kuma idan ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Abin da na fahimta a nan shi ne ba a auna kyawun shawara da sakamakonta kaɗai, domin ana iya bin hanya mai kyau ƙaddara ta zo da wani abu, ana kuma iya yin ganganci a dace. Idan abin da jama'a suka zaɓa ya saɓa da naka sannan ya ƙi, kada ka taɓa cewa ai na faɗa muku, in ba haka ba gobe kowa zai ja bakinsa ya bar ka da kayanka.

Kafin a shafa fatiha, magatakarda ya karanta abin da aka yanke da ƙarfi, da sunan wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo bayani, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar wancan. Dalilin nan shi ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ne za ku buƙata idan kaka ta wuce kuka zauna duba abin da ya faru. Idan a lokacin kuka ga hanyar ba ta ɓulle ba, kada kuɗin da aka riga aka kashe ya sa ku ƙara zuba wani. Mu mun ƙara kashe kuɗi har sau biyu a kan injin nan, don kawai muna jin nauyin mu ce ya mutu.

Na ji cewa zamanku na farko a kan sayen taki ne a dunƙule. Ka aika wa kowa da maganar tun kwana uku kafin ranar, tare da farashin da kuka samo daga wurare daban-daban, domin mutane su zo da tunaninsu a shirye. Idan kun tashi ka kira ni in ji yadda aka yi, musamman abin da mafi ƙanƙanta a cikinku ya ce. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce ka kawo mata yaran idan an yi hutu. Allah Ya yi maka albarka, Ya kama hannunka.

Mahaifinka.