Wasiƙa zuwa ga Baba kan guguwar da muke jira

Greensboro, Karolina ta Arewa, Amurka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida, kamar yadda ta baro mu. Baba, na san labarin guguwar da ta doso mu zai iso Maradi ta rediyo ko ta wayoyin yara, shi ya sa na ga ya fi kyau ku ji bayaninta daga gare ni a tsanake, tun kafin hotunan WhatsApp su tayar wa Inna da hankali.

Irin wannan guguwa a tekun Atlantika take tashi, inda ruwa ya yi ɗumi, ta yi kwanaki tana tara ƙarfi kafin ta hau tudu. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani a watan Satumba da muke ciki. Wani abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin daminarmu ne, wanda yake tasowa daga gabas ya ratsa Sahel, ya faɗa teku ta wajen Senegal. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a sai hukuma ta raɗa mata suna, idan kuwa ya kai 119 ta shiga sahun manya. Wadda muke jira ba ta kai sahun manya ba, amma an riga an ba da sanarwar farko, wadda ake bayarwa saura sa'o'i 48.

Na san abin da za ku ce, domin kun sha tambayata nisanmu da teku, ni kuma na sha gaya muku cewa akwai kusan kilomita 300 tsakaninmu da bakinsa. Gaskiya ne igiyar teku ba za ta iso mana ba, iskar ma takan rage ƙarfi da zarar ta hau tudu. Sai dai ruwan da ta ɗauko yana nan tare da ita, kuma a cikin ƙasa take sauke shi. Mutanen wannan jiha sun ga haka da idonsu a ƙarshen Satumbar 2024, lokacin da guguwar Helene ta sauka a Florida, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, sannan ta zubar da ruwanta a kan duwatsun yammacinmu, inda ƙasa ta riga ta jiƙe da ruwan kwanakin da suka gabata. Kogunan French Broad da Swannanoa suka cika suka shiga birnin Asheville, gefen duwatsu ya zaftaro kan gidaje da hanyoyi, fiye da mutum 100 suka rasu a jiharmu kaɗai, birnin kuma ya shafe sama da kwana 50 babu ruwan famfo mai shayuwa. Asheville ta fi mu nisa da teku, har mutane suna ɗaukarta wurin fakewa.

Ku ba baƙon wannan al'amari ba ne, Baba, tunda kun san yadda Gulbin Maradi yake kawo ruwan da aka yi a ƙasar Katsina alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, kuma ku ne kuka ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga fadama ta mayar da shi kan tudu. A ganina wanda ya tashi a bakin gulbi bai kamata ya raina ruwa a ƙasar wasu ba, ko da yake akwai 'yan'uwanmu a nan da suke cewa tunda ƙaramar guguwa ce ba sai an wahalar da kai ba.

Mu dai mun yi namu shiri. Hukuma tana cewa a tanadi kusan lita 4 na ruwan sha ga kowane mutum a kowace rana, na kwana 3 aƙalla, mun cika bido-bidonmu fiye da haka, mun kuma tara na alwala da wanka daban. Surukarku ta haɗa garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da kifin gwangwani, abubuwan da ba su buƙatar wuta, domin idan lantarki ya ɗauke firigo ba ya riƙe sanyi fiye da sa'o'i 4. Fasfo da takardun zama da na haihuwar yara na sa su a leda na ɗora a saman kabad, na cika mota da mai, na ciro kuɗi a hannu saboda na'urorin biya ba sa aiki babu wuta. Tocila da batir da magungunan yara duk suna jaka ɗaya a bakin ƙofa.

Abu biyu ne na fi ja wa matasanmu kunne a kansu bayan sallar Juma'a. Na farko mota, tunda yawancinmu aikin tuƙi ko na masana'anta muke yi, kuma mutum yakan ji nauyin rasa kuɗin yini ya afka cikin ruwan da ya rufe hanya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, da dare kuwa ba mai iya gane ko akwai kwalta a ƙarƙashinsa. Na biyu janareta, wanda hayaƙinsa yake ɗauke da wata iskar guba marar wari marar launi, yana kashe mutane cikin barci idan an kunna shi a ɗaki ko a garejin mota, don haka sai an ajiye shi a waje, mita 6 daga ƙofa da taga. Akwai kuma manyan itatuwa da suke kewaye da gidajen nan na katako, waɗanda saiwarsu take sakewa idan ƙasa ta jiƙe, shi ya sa za mu kwana a falon ƙasa, nesa da taga, har ta wuce.

Idan kun kira ba ku same ni ba kwana biyu ko uku, kada ku ɗauka wani abu ya faru, domin layin waya da intanet sukan yanke tare da lantarki. Gajeren saƙon rubutu ya fi saurin wucewa a irin wannan lokaci, don haka ta wayar Yaya zan aiko, shi kuma ya karanta muku. Ku tuna kuna gabanmu da sa'o'i 5.

Ina kuma roƙon a duba katangar ƙasar nan ta bayan ɗakin Inna kafin damina ta ƙarasa, a buɗe magudanar ƙofar gida, tunda mun ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa gidaje a Maradi. Kuɗin siminti da na magini na tura wa Yaya tun jiya, don kada guguwar ta tsare ni.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo da Kawu da maƙwabta, a kuma sanar da ni yadda geron bana ya yi. Surukarku da jikokinku suna gaishe ku, muna neman addu'arku.

Wassalam,
Ɗanku