Kada ki raba shi da littattafan labari

Assalamu alaikum.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Babanki yana gaishe ku.

Na yi ta juya maganar da kika yi mini a waya, wai tunda angona ya shiga aji ɗaya za ki ajiye masa littattafan labari ki ƙara masa lesin na lissafi, don tatsuniya ba ta fitowa a jarrabawa. Ban goyi bayan haka ba. Na koyar da 'yan firamare har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne yaron da ya saba bin labari yana tambayar dalili, shi ne ba ya ruɗewa in an ba shi lissafi mai zance a ciki.

Ɗauki tatsuniyar Gizo da giwa da dorina. Gizo ya ce wa giwa su gwada ƙarfi da igiya, ya je bakin ruwa ya faɗa wa dorina haka, ya miƙa wa kowace baki ɗaya na igiyar, shi kuma ya laɓe. Suka yi ta ja har suka gaji, kowace tana mamakin ƙarfin wannan ɗan ƙwaro. Ƙaramin yaro tsamin bakin Gizo kawai zai ba shi dariya. Amma angona ya wuce nan. Ki tsaya a tsakiya ki ce, "Giwa ta san wanda ke jan ɗaya bakin?" Kafin ya amsa, dole ya raba abu uku a kansa: abin da ke faruwa, abin da giwa take zato, da abin da Gizo kaɗai ya sani. Sai ki ƙara, "To da giwa ta hango dorina fa?" Nan zai warware labarin ya sake ƙulla shi da kansa. Wannan aiki ne babba ga ɗan shekara shida, kuma zai yi shi yana murna.

Masana ma sun gwada abin. A 1988 da 1990, Dias da Harris sun yi bincike da ƙananan yara, suna ba su zance irin wannan: duk kyanwoyi haushi suke yi, wannan kyanwa ce, shin tana haushi? In an faɗa musu kai tsaye, da yawa sai su ce a'a, don sun san kukan kyanwa. Da aka kawo zancen cikin wasa, ko aka ce a wata duniya ce, sai suka fi bin sharaɗin suka ce e, tana yi. Ki lura, abin da malamin lissafi ke nema ke nan in ya ce, "A ce kana da lemo tara." Yaron ba shi da lemo ko ɗaya, amma sai ya karɓi abin da aka gindaya ya bi shi zuwa ƙarshe. "Ga ta nan, ga ta nanku" tun tuni take koya wa yaranmu haka.

Sai dai karatun ma da yadda ake yinsa. Kada ki sheƙa shi kamar mai sauri. Kafin ki juya shafi, bari ya yi hasashe. In ya faɗi abin da bai yi daidai ba, kada ki ce, "Kai, ba haka ba ne." Ki ce, "Daga ina ka gane?" Ya nuna miki a hoto, ko ya tuna abin da wani ya faɗa a baya. Amsar da ba daidai ba mai hujja ta fi mini ta daidai da aka cinta. Tambaya biyu ko uku sun isa a dare guda. In kika yawaita, ya zama jarrabawa, sai ya guje ki. Kuma ki yi haƙuri da saurin cewa ga darasin labarin. Mu manya muna da wannan hali, muna tauna wa yaro abin da ya kamata ya tauna da haƙoransa.

Batun cewa labari zai koya masa ƙarya, ki kwantar da hankalinki. Mai tatsuniya da bakinta take rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", kuma yara sun san inda wasa ya tsaya. Tambayarsa "wannan zai yiwu da gaske?" ma darasi ne.

In ya ƙara girma, ki nemo masa Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A littafi na farko aku ne ke ba ɗan sarki labarai dare bayan dare don ya hana shi fita. Ki bari yaron ya gano da kansa me ya sa akun ba ya barin labari ya ƙare da wuri.

Lesin ɗin ki yi masa in kuna da hali, amma ki bar masa rabin awa bayan sallar isha'i, har da ƙanwarsa a cinyarki. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki. Allah ya raya mana su, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.