Wasiƙa ga ɗana kan zaɓin zama tsakanin Kano da Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yara. Saƙonka ya iso. Na fahimci kamfaninku ya ba ka zaɓi tsakanin ofishinsa na Kano da na Kaduna, albashi ɗaya, kuma kowane wata sai ka leƙa hedikwata a Abuja. Ka ce abokanka sun rabu gida biyu, kowa yana jan ka zuwa garinsu, har kanka ya ɗaure.

Wannan musu ya girme ka. Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kuma yawancin abin da kake ji ragowar wannan barkwancin ne aka kwaso aka zuba a waya. Bakano zai yi maka kirarin tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Ɗan Kaduna zai ce garin gwamna, inda Sardauna ya zauna ya riƙe Arewa. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma babu wanda zai biya maka kuɗin haya a cikinsu. Iyakokin ma da ake ta hura hanci a kansu ba su daɗe ba. A 1967 aka yanka jihohin, mu kanmu Katsinawa muna cikin jihar Kaduna har 1987, Jigawa kuwa sai 1991 ta fita daga Kano. Don haka ka saurari musun ka yi dariya, sannan ka ɗauko takarda da biro. Rayuwarka ta kullum unguwar da ka sauka ce za ta tsara maka ita. Mutumin Nasarawa GRA a Kano da mutumin Unguwar Rimi a Kaduna sun fi kusa da juna a yanayin zama fiye da yadda kowannensu yake da ɗan garinsu na bayan gari.

Fara da ruwa, domin shi ne ke cin kuɗi a ɓoye. A Kano akwai matatun ruwa a Tamburawa da Challawa da Watari, amma unguwanni da yawa 'yan garuwa ne famfonsu. Kafin ka karɓi makulli, tsayar da mai kura ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka mai lita 25, ka kuma tambaye shi nawa take kaiwa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Ka lissafa jarka nawa gidanka ke ci a rana da wanki da wanka da girki, ka ninka sau talatin, ka ɗora a kan kuɗin haya. Sau da yawa gidan da ya yi maka araha a bakin dillali, idan ka sa kuɗin ruwa sai ya zarce wanda yake da rijiyar burtsatse. Idan mai gida ya ce akwai burtsatse, a kunna a gabanka, ka bari tanki ya ɗauka na kamar rabin awa ka ga ko ruwan zai yanke, ka ɗanɗana ka ji ko da gishiri ko warin ƙarfe. Ka kuma ji wa ke biyan gyaran injin idan ya ƙone, a rubuta a takarda.

A Kaduna lamarin ya juya. Damina tana faɗuwa da wuri, tana kuma daɗewa fiye da ta Kano, zafin bazara ma da ɗan sauƙi. Abin tsoron a can yawan ruwan ne. Gidajen da ke gangaren kogin Kaduna, irin su wajen Kigo Road, sun sha ambaliya a watannin Agusta da Satumba. Idan da rani ka je duba gida, kalli gindin bango daga waje. Inda ruwa ya taɓa kwanciya yana barin layi, fenti yana ɓarewa, siminti yana fitar da fari kamar kanwa. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, sama kuwa tsoho, alama ce ta ana ɓoye wani abu. Tambayi mai shagon layin, ba dillali ba.

Wuta kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa garinsu ya fi. Kano tana ƙarƙashin KEDCO tare da Katsina da Jigawa, Kaduna tana ƙarƙashin Kaduna Electric tare da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, amma jijiyar ɗaya ce. Wutar da ke zuwa tashar Kumbotso a Kano ta tashar Mando a Kaduna take biyowa. Da aka lalata layin Shiroro a watan Oktoba na 2024, garuruwan biyu tare suka kwana cikin duhu kwana da kwanaki. Bambancin yana kan layin da gidanka ke kai. Tun watan Afrilu na 2024 aka ware layukan Band A, aka yi musu alkawarin awa 20 a rana, aka fara sayar musu da yunit a naira 225, wato fiye da ninki uku na da. Idan gidan yana kan irin wannan layi za ka samu wuta, amma ka shirya aljihu. Idan ba ya kai, ka shirya kuɗin sola ko na fetur. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara na unguwa su ne za su gaya maka ainihin awa nawa ake samu. Kada ka shiga gidan da ba shi da mita mai kati, domin bil na ƙiyasi ba shi da ƙa'idar da za ka iya riƙewa. Ko da mitar akwai, karɓi lambarta ka je ofishin kamfanin a duba ko akwai bashin tsohon ɗan haya a kanta. Idan akwai, duk lokacin da ka sayi kati za a riƙa yankar wani abu, kana biyan wutar da wani ya sha.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi nauyi a lamarinka, wato tafiyar Abuja ta kowane wata. Daga Kaduna akwai jirgin ƙasa tun 2016, daga tashar Rigasa zuwa tashar Idu a Abuja. Mutum zai iya fita da safe ya yi aikinsa, idan ya yi sa'ar jadawali ya dawo ya kwana a gidansa. Ba na manta harin watan Maris na 2022 da ya sa aka dakatar da jirgin har zuwa Disamba na shekarar, kuma tikiti yakan yi wuya a ƙarshen mako da lokacin Sallah, sai ka saya da wuri ta intanet. Duk da haka, daga Kano sai ka ƙara kusan kilomita 230 kafin ma ka iso Kaduna, ko ka hau jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano. Tambayi kamfaninku a rubuce: su ke biyan kuɗin tafiyar ko kai, kuma na mota suke biya ko na jirgi? Idan su ke biyan jirgin sama, wannan hujja ta faɗi, Kano ta dawo daidai da Kaduna. Idan daga aljihunka ne, ninka kuɗin sau goma sha biyu ka gani da idonka.

A cikin gari kuwa, auna tafiyar gida zuwa ofis da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, kada ka auna ta ranar Lahadi. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, Adaidaita Sahu ce abin hawa, kuma wanda ke zaune Kurna ko Rijiyar Lemo yana aiki a Sharaɗa ya san abin da cunkoso ke yi wa mutum. A Kaduna kogi ne ya raba gari, gadoji kuma ba su da yawa, saboda haka gida da ofis da makarantar yara su kasance a gefe ɗaya in da hali.

Maganar kogin nan tana da wani ɓangare da dole in gaya maka ba tare da kwana-kwana ba. Tun rikicin 2000 da na 2002 mazauna Kaduna suka ja baya da juna. Yawancin Musulmi suna arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Malali, yawancin Kirista kuma suna kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television. Akwai wuraren da ake zaune a gauraye, kamar Barnawa. Mutane suna aiki tare, suna ciniki tare, za ka kuma samu abokan arziki a kowane ɓangare, yaranka ma za su tashi sun saba da mutane iri-iri, wanda riba ce. Amma wajen zaɓen inda iyalinka za su kwana, ka san wannan taswirar kafin ka biya kuɗi. Ka guji gidajen ƙarshen gari da bayansu daji ne, komai arharsu, domin arhar tana da dalili. Hanyar Birnin Gwari da ta Abuja ba a bin su da dare. Kano ba ta fama da satar mutane sosai a cikin birni, amma tana da nata ciwon: ƙwacen waya da faɗan daba. Bayan magariba ba a fito da waya a cikin Adaidaita Sahu ko a bakin lungu. Duk wanda ya ce maka garinsu babu abin tsoro, son garin ne ya rufe masa ido.

Ka ambaci cewa kai da maiɗakinka kuna son fara ɗan kasuwancin atamfa da leshi a gefe. A nan babu musu, Kano ce uwa. Kantin Kwari ga yadi, Singa ga kayan masarufi, Dawanau ga hatsi, Ƙofar Wambai, Farm Centre ga waya, ga Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sai dai kirarin nan na "an fi ka" gargaɗi ne ga ɗan ƙaramin jari. Wanda ke zaune a Kano yana sayar da atamfa a gida, mai sayensa ma ta san hanyar Kwari, ta kuma san farashin sari, ribar da zai ɗora ba za ta wuce cikin cokali ba. Manyan 'yan kasuwar can da yawan ciniki suke cin riba, da kuma kayan da ake ba su bashi saboda amanar da aka gina shekara da shekaru, kai kuwa baƙo ne. Mai zaune a Kaduna da ke saro kaya a Kwari ya kai unguwar ma'aikata yana da sararin ɗora riba, bayan ya cire kuɗin mota da na dako. Abin da ke kashe irin wannan sana'a bashin ƙarshen wata ne. A sa ƙa'ida tun farko: ba a ba da turmi na biyu sai an biya na farko, kuma kuɗin jari ba ya shiga cefane.

Asibiti da makaranta ba za su raba maka gardama ba. Kano tana da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala da na ƙashi a Dala. Kaduna tana da Barau Dikko da asibitin soja na 44 da cibiyar ido ta ƙasa, ga Shika a Zariya. Ka dai duba wane asibiti inshorar lafiyar kamfaninku ta yarda da shi a kowane gari, da nisansa daga gida cikin dare.

Abu ɗaya da masu musun ba sa faɗa: a duk jihohin biyu kai ba ɗan asali ba ne. Harajin albashinka jihar da kake zaune za ta karɓa, amma tallafin karatu da guraben aikin gwamnatin jiha da takardar shaidar ƙaramar hukuma ake neman su, taka kuwa ta gida ce. Jami'o'in jiha ma sukan caji wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan jiha. Saboda haka alkawuran da gwamnoni ke yi a rediyo, kaɗan ne daga ciki zai shigo gidanka. Mafi ƙarancin albashin da aka yi ta gori a kansa a 2024 ma, Kano ta sa naira dubu 71, Kaduna dubu 72. Tazarar naira dubu ɗaya ce, kuma kai ba ma'aikacin jiha ba ne balle ta shafe ka.

Kada ka sayi fili a shekara biyun farko, ko da an ce maka gobe zai ninka. Yi haya ka san gari. Idan lokacin ya yi, ka bambance filin awon igiya da na gwamnati. Na awon igiya da takardar mai unguwa da shaidu ake sayar da shi, yana da sauƙin kuɗi, amma shi ne ake sayar wa mutum biyu, shi ne kuma magada ke tasowa a kansa bayan shekaru. Kai lambar takarda ofishin rajistar filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, ko KADGIS idan a Kaduna ne, a bincika sunan wa ke kai kafin ka ba da ko sisi. Kafin ka sa bulo ka karɓi izinin gini daga hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Garuruwan biyu duk sun ga rusau, Kaduna a zamanin El-Rufai, Kano a 2023, kuma wanda takardarsa ba ta cika ba shi ne ba ya da bakin neman diyya. Kuɗin haya ma a asusun mai gida za ka tura, da rasit da yarjejeniya mai sa hannu. Dillali la'adarsa kawai zai karɓa.

Idan ra'ayina kake nema, na fi karkata ga Kaduna a wannan zangon, saboda tafiyar Abuja da kuma ƙarancin jarinku. Da a ce za ka ajiye aiki ka shiga kasuwa gaba ɗaya, da Kano zan ce ba tare da jinkiri ba. Amma kafin ka ba kamfani amsa, nemi hutun mako guda ka raba shi biyu, ka ga gidaje uku-uku a kowane gari, ka rubuta haya da ruwa da wuta da kuɗin mota da na makaranta a shafi ɗaya. Ka zauna da maiɗakinka ku duba tare, domin ita ce za ta wuni a gidan, kuma nisan 'yan'uwanta abin sawa ne a lissafi. Sannan ka yi istihara. Ka turo mini shafin lissafin in gani kafin ka sa hannu a kan kowace takarda.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Wassalam,
Mahaifinka.