Wasiƙa Zuwa Ga Auta a Harrisonburg ta Amurka

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna nan lafiya, sai ƙafar Babanku da takan tashi in sanyin Jos ya shigo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba daga bakinki na ji ba. Matar Kawunki ce ta tare ni bayan zumuntar mata tana yi mini barka, ni kuwa ina yaƙe kamar na sani. Wai har an sa rana. Wai matar mutumin da za ki aura ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, kuma ta tsakiyar tana ajin da kike koyarwa.

Kada ki ɗauka cocinsu nake ƙi. Na san 'yan Menonayit tun ba a yi mafarkin haihuwarki ba. Cikin malaman da hukumarsu ta agaji, MCC, ta fara turowa Afirka daga 1962 akwai wadda ta koya mana lissafi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta kalle ka sai ka gwammace bulala. Ita ta ba mu labarin asalinsu: yadda a 1525 a Zurik wasu suka ce ba a yi wa jinjiri baftisma sai mutum ya yi hankali ya amsa da bakinsa, da yadda Menno Simons ya ajiye aikin firist a 1536 ya bi su. Ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami. Mutanen kirki ne, shi ya sa ban hana ki tafiya karatu wurinsu ba lokacin da dangin Babanku suka yi ta surutu.

Amma akwai labarin da takan ba mu wanda yanzu ya hana ni barci. Wani Dirk Willems a Holan, a 1569, ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai bin sa ya rufta cikin ruwa. Dirk ya juyo ya ciro shi, aka kama shi, aka ƙone shi da rai. Muna yara mun sha hawaye, muna yabon bangaskiyarsa. Yau da na tsufa, uwarsa nake tunawa. Kuma na san ki, Auta. Ke mai juyowa ce.

Ki saurare ni da kyau. Kishiya mai rai ana faɗa da ita, a shirya, wata rana ma a ci tuwo kwano ɗaya. Wadda ta mutu ba ta da laifi ko ɗaya. Ba ta taɓa ƙona miya ba, ba ta taɓa tsawa wa yaro ba. Ke da bakinki kika faɗa wa yayarki cewa ɗakin ƙasa na gidan cike yake da kwalaben tumatir da wake da ta dafa ta ajiye, kowace da rubutun hannunta a murfi. Za ki buɗe su ki ciyar da 'ya'yanta, ranar da ta ƙarshe ta ƙare kuma ke za a kalla. Iyayenta suna wannan ikilisiyar. Ranar da ake wanke wa juna ƙafa a coci wataƙila ƙafar uwarta za ki wanke. Da safe ke ce malama, da yamma matar uba, to a ina za ki zauna ki ce wayyo? Cikin mutanen da suka ɗauki haƙuri ibada, wa zai lura kina haɗiye abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronki? Ba dukansa nake tsoro ba. Tsorona ki narke a hidima shiru, kowa na cewa albarka ce ke, har ki wayi gari babu mai kiranki Mama.

Ina magana ne a kan abin da na taɓa da hannuna. Na riƙe yayyenku biyu da ba ni na haifa ba, na yi musu abin da ban yi miki ba, kin san maganar keken ɗinki. An ce na cika zafi. To, zafin nan ne ya kai su inda suke, kuma har yau babbar cikinsu "Anti" take ce mini. Ban yi nadama ba, amma ni ina da bakin faɗa, ina da uwata a Bukuru da zan je in yi wa kuka. Ke fa? Tun kina ƙarama in aka ƙwace miki abu sai ki ce dama ba kya so. Wannan halin ba tsoron Allah ba ne, kada ki ruɗi kanki, kuma ɓoye mini da kika yi shi ma ba ladabi ba ne.

An ce kina tunanin barin koyarwa bayan biki. Kada ki kuskura. Albashin makarantar coci ba yawa, na sani, amma naki ne. Ki tambaye shi tun yanzu, ba a gaban fasto ba: yana son ƙarin haihuwa? In yaran suka yi miki rashin kunya, zai tsawata ko zai ce a yi addu'a kawai? Kada ki tilasta musu su kira ki uwa, kada kuma ki sauke hotonta daga bango.

In ya amsa da kyau, ki ba shi lambata, yayanki zai yi mana tafinta. Babanku ya ce in gaya miki shi ya riga ya sa albarka, kin san shi da sanyin hali. Ki turo mini sunayen yaran da shekarunsu, da awon ƙaramar, akwai atamfar da na ajiye.

Mamarki