Mamana, kafin ki fara ranar Litinin

Salamu alaikum Mamana, ya gajiyar hanya, ya baƙunta. Ummanku ta ce in kira ki amma kin sanni, in na fara magana a waya kati ke ƙarewa ban kai ga abinda nake son faɗa ba, shi yasa na zauna bayan la'asar ina latsa wannan da yatsa ɗaya.

Naji an tura ki ɗakin gwajin zuciya da huhu, kuma daga muryarki na gane kin ɗan raina wurin, wai ke manna wayoyin na'ura a jikin marasa lafiya ne kawai aikinki. Toh shekara 35 nayi ina aikin nas, ban cika ganin likita ya taso ya duba inda aka manna wayoyin nan ba, takardar da aka miƙa masa ita yake karantawa, a kanta zai rubuta magani, ga layi har bakin ƙofa. In kin manna a karkace ƙarya kika kai masa, shi kuma ya ɗauka da hannu biyu.

Wayoyin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, goma ne, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji. Ta farkon ƙirji a rami na huɗu tsakanin haƙarƙari take zama, dama da ƙashin tsakiya, dan Allah ki laluba da yatsa ki ƙirga, kar ki yi kintace da ido komai yawan mutane. Akwai wani dattijo da aka taɓa musanya wa wayar hannun dama da ta hagu, takarda ta fito kamar zuciyarsa a ɓangaren dama take, aka tura shi birni, saida ya sayar da akuya yayi kuɗin mota, da yaje aka sake gwajin cikin minti biyar akace lafiyarsa lau. Ni na rubuta masa takardar turawar, wallahi har yau in na tuna sai inji kunya.

Ga hunturu ya shigo, kowa zai zo miki ya shafe jiki da basilin, abin mannawa bazai kama ba sai kin goge wurin da auduga da sifirit. Tsofaffi kuma da sun ga wayoyi sai su zata shokin za'a yi musu, jiki ya ɗau rawa, layin takarda shima yayi ta karkarwa. Ki ce Baba wannan saurare kawai take, ba ta sa wuta, ki bari ya nutsu tukuna. Mata ki ja musu labule ki rufa musu zane, wata tun aurenta bata taɓa buɗe ƙirji gaban baƙo ba.

Gwajin hura iska shi zai fi cin haƙurinki. Ki auna tsayin mutum da kanki babu takalmi, kar ki tambaye shi, da tsayi da shekaru na'urar ke lissafi. Zai cika ƙirji ya fesar da iya ƙarfinsa ya cigaba har kamar daƙiƙa 6, ana son masu kyau guda 3, in ankai 8 bai samu ba a ƙyale shi ya huta. Ki fara hurawa a gabansa ya gani, kiyi ta cewa ƙara, ƙara, ƙara, babu jan aji anan. In ance a shaƙa masa Ventolin, maganin buɗe hanyar numfashi, a maimaita gwajin, ki jira minti 15 ɗin nan cif. Wanda ya wuce sati biyu yana tari ga rama ga gumin dare, ki tuntuɓi likita kafin ya hura miki, tibi ba wasa bace, kuma takunkuminki kar ya koma haɓa.

Zasu riƙe miki hannu suce 'yar nan me kika gani. Ki ce likita zai musu bayani, ko da kina ganin kin gane. Amma wanda ya shigo dafe da ƙirji yana haɗa gumi, wannan baya bin layi, ki yagi takardar ki kai da ƙafarki ki tsaya har a karanta.

Ummanku ta ba direba yaji da daddawa, ki je tasha gobe da hantsi ki karɓa. Tace kuma ki ajiye takalmin nan mai tsini ki sayi fulat, tsayuwa zaki sha.

Babanki.