Ƙora ta cinye wa 'yata kai, wai kuma ni ce ƙazama

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Anti, jiya da daddare maigidana ya faɗa mini maganar da bai taɓa faɗa ba a shekara 9 da aurenmu. Wai ni ƙazama ce, ƙazantata ce ta cinye wa yarinya kai. A gaban abokiyar zamana ya faɗa, tana tankaɗe ta wani sunkuyar da kai, ni kuwa na san dariya take dannewa. Har aka kira assalatu ban runtsa ba.

'Yata shekararta 6, gashi gare ta har kafaɗa, irin na dangin mahaifiyata, duk inda muka shiga sai an tanka. Ana saura kwana uku Babbar Sallah na kai ta kitso, mai kitson ta kira ni ta nuna mini wani wuri a ƙeya, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, gashin ya kakkarye, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Na ce amosani ne. Ta ce a'a Maman yara, ƙora ce, ta ajiye tsinkenta ta ce ba za ta ƙarasa ba saboda 'ya'yan mutane. Da rabin kitso muka dawo gida.

Ban faɗa miki ba, mu biyu ne a gidan, ni ce uwargida. Tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, don tata ta tsinke tun bara ta ƙi ɗaura wata, sai dai ta ture mini kaya ta shanya nata. Ɗanta tun azumi yake da ƙora, a bakin titi ake masa aski, kowa ya gani, ita dai sai ta kifa masa hula. Kuma da idona na ga matajina a ɗakinta, ba sau ɗaya ba. Ni ban ce da gangan ta yi ba, Allah ne masani, amma mace ce da tun zuwanta gashin yarinyar nan ya tsone mata ido.

Na je kemis aka ba ni man shafawa, irin mai uku-cikin-ɗaya ɗin nan. Ƙaiƙayin ya lafa, har na yi murna, bayan sati biyu wurin ya zama uku. Ana cikin haka na tafi biki, Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo ta shafa mata man burki, wai haka aka yi wa su Abbansu suna yara. Na dawo na tarar da yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kan ya kumbura suntum, yana ruwa da mugunya, gashin yana biyo hannu. Wannan ba wanda ya ga laifinsa, tunda uwa ce.

A asibiti likita ya ce ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, a cikin silin gashi take zama, shi ya sa man shafawa ba ya kai mata. Ya ce man da na saya akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi amma yana ba cutar damar yaɗuwa. To ina zan sani, ni likita ce? Ya hana a tsaga kumburin. Ya rubuta griseofulvin, a sha kullum sati 6 zuwa 8 da madara ko abinci mai maiƙo, da sabulun wanke kai na ketoconazole sau biyu a sati. Ya ce a kawo sauran yaran gidan a duba, kowa da matajinsa da hularsa da matashinsa, har kyanwar gidan ya tambaya. Na faɗa wa abokiyar zamana, ta ce ita ɗanta lafiyarsa ƙalau.

Gaskiya sati biyu na ba yarinyar maganin na tsaya. Wurin ya bushe, yarinya kullum sai an yi kokawa kafin ta haɗiye, ga ni ba lafiya ba, maigidan kuma bai taɓa tambayar ko ta sha ba. Yanzu abin ya dawo, likitan ya yi faɗa a gaban maigidan, ya ce irin wannan kumburin in aka yi sakaci yana barin tabon da gashi ba ya ƙara fitowa. Tun daga nan nake kuka. 'Ya mace, Anti. 'Yan Islamiyyarsu har sun sa mata suna, ɗankwali take kwana da shi.

Sai kuma makero ya fito mini a damtse, zagaye da ja a baki-baki. Don kada abokiyar zamana ta gani ta samu abin faɗa, na sha sauran ƙwayoyin yarinyar kwana huɗu. Ina da ciki wata biyu, maigidan bai ma sani ba, da na so in faɗa masa jiyan nan. Ƙanwata ta karanta takardar cikin kwalin ta ce an hana masu ciki sha, na daina, amma ban koma asibiti ba don kunyar likitan nake ji.

Anti, gashin nan zai fito kuwa? Kuma ya za a yi yarinya ta warke alhali mai cutar yana yawo a tsakar gida, uwarsa ta ƙi kai shi? Ni dai na haɗa kayana. In tafi gidanmu da 'yata har sai ya zo ya janye kalmar nan a gaban wadda ya faɗa, ko in kai ƙara wurin yayansa? Don Allah ki amsa mini a wannan satin.

Taki,
Wata baiwar Allah daga Kano